Kwalli a Idon Hagu

"Ɗago fuskarki mana! Haba Hadiyya, sai ka ce gawa nake yi wa kwalliya!"

Hadiyya ta ɗago. Tanti Jamila, ƙanwar babanta, ta dangwalo fondetan da soso ta shiga danna mata a kumatu, tana yi tana mita. Ƙarfe bakwai na safe ne a gidan Malam Idrisa tela da ke unguwar Talladje a Yamai, an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, tun asuba, zafi har ya fara tasowa daga simintin tsakar gida. Yau kwana arba'in da uku ke nan kullum sai an yi wannan zama a kan tabarma kafin Hadiyya ta tafi shagon da take aikin buga takardu.

"Rufe ido. Buɗe. Dubi sama — sama na ce, ba ni ba! Wallahi ba za ki fita mini unguwa da fuskar zaman makoki ba, mutane su ce a kan wancan ɗan daudun kike ramewa. Ba dai a gidan yayana ba!"

A da, da wani ya kira Faisal da wannan suna a gabanta, da sai an rirriƙe ta. Yanzu kuwa kalmar ta shiga ta kunnen dama ta fice ta na hagu. Tanti ta ja mata gira, ta shafa mata janbaki, ta miƙo madubi. Hadiyya ta duba, ta ga wata kyakkyawar yarinya mai ƙyalli a kumatu. Ba ta ji daɗi ba, ba ta ji haushi ba. Ta ce, "Ya yi, Tanti," ta ɗauki jakarta.

Abin da ya jawo wannan kuwa, idan ka ji shi sai ka rasa dariya za ka yi ko kuka.

Faisal direban taksi ne, ɗan unguwar Banifandu, dogo mai ƙarancin magana. A cikin taksinsa suka haɗu, wata rana da ruwan sama ya tsare ta a bakin gudoro, wato titin kwalta, kuma shekara ɗaya da rabi suna tare ba wanda ya taɓa jin kansu. Har kawunnansa sun kawo goron tambaya an karɓa. Sai Malam Idrisa ya ce shi fa yana son ya zauna da yaron ido da ido, ya zo ranar Juma'a bayan la'asar. Ya kuma gayyato amininsa Alhaji Bello, na sahun gaba a masallacinsu, don a yi abin a gaban babba.

Faisal ya makara da kusan rabin awa. Hadiyya na leƙe ta tagar ɗaki ta ga ya fito daga mota da sauri, farar shadda sai ɗaukar ido take, baƙin lunet a fuska saboda rana. Ya yi sallama, ya cire takalmi, ya durƙusa gaban manya. Don ladabi kuma sai ya sa hannu ya zare lunet ɗin.

Innalillahi! Idonsa na dama dai ido ne na namiji kamar na kowa. Na hagu kuwa an zizara masa kwalli har da ɗan wutsiya, an ja girar da jagira ta yi lanƙwasa kamar ta amarya, ga ƴar hoda ruwan zinariya a kan fatar idon. Aiki ne mai kyau, wannan kam ba a musu, kuma kyansa ne ya ƙara wa abin muni.

Tanti Jamila da ta kawo ruwa ita ta fara sakin salati, kofi ya faɗi ya tarwatse. Alhaji Bello ya dakata da jan carbi.

"Kai," in ji Malam Idrisa a hankali, "mi ne ne wannan a fuskarka?"

Faisal ya shafa idonsa, ya dubi yatsansa ya ga baƙi. Hadiyya ta ga lokacin da kafaɗunsa suka sauka. Ya dubi Alhaji Bello, ya dubi Tanti, ya sunkuyar da kai.

"Baba, ku yi mini haƙuri. Akwai bayani, amma ba zan iya yin sa a gaban mutane ba."

"A gaban mutane ka zo mini da shi ai. Tashi ka fita mini daga gida."

Kafin a kira magariba labari ya gama Talladje. Alhaji Bello mutumin kirki ne, amma bakinsa ba ya da marfi. Samarin fada masu shan shayi a kan kwana har waƙa suka haɗa.

Washegari da safe Faisal ya kira ta a portabul.

"Hadiyya, pardon, ki saurare ni har in gama."

"Ina jin ka."

Ta san mahaifiyarsa, Hajiya Zalika, ba ta da lafiya. Sau biyu ta je gaishe ta, ta same ta zaune a kan kujera tsaf da kwalliyarta, ta ja gefen mayafi ta rufe rabin baki. Abin da ba ta sani ba shi ne hannun da ke yin kwalliyar. Hajiya Zalika ta yi shekara talatin tana sayar da atamfa a Babbar Kasuwa, kuma duk layin an san ta da gayu, har mata kan tsaya a rumfarta ba don sayen komai ba, don dai su ga yadda ta ja gira yau. Shekara biyu da suka wuce tansiyo, wato hawan jini, ya buge ta, ɓarin jikinta na hagu ya shanye, baki ya karkace, fatar ido ta sauko. Ranar da ta dawo daga lopital ta ga kanta a madubi, sai ta juya fuska bango. Ta daina karɓar baƙi, ta daina cin abinci sai an yi da gaske. Mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma Faisal kaɗai Allah ya ba ta.

"An samo wata ƴar ƙawarta ta zo ta yi mata makiyaj sau ɗaya," in ji Faisal. "Kin san abin da yarinyar ta yi? Ta je foyandi, cikin taron mata ana ci ana sha, ta karkace baki tana kwaikwayon Inna, suna dariya. Magana ta dawo mata. Tun ran nan ta rantse ba macen da za ta sake taɓa fuskarta. Hadiyya, ina kallo tana ƙarewa. Wata safiya na ɗauki tandun kwallinta na ce, Inna kawo in gwada. Abin da na yi mata ran nan ko dodo ya fi shi kyau. Ta duba madubi ta yi dariya, dariyar farko a wata huɗu. Ta sha kunu kofi biyu."

Daga nan ya shiga koyo. In yana jiran fasinja sai ya buɗe bidiyo a portabul yana kallon yadda ake yi. Ɓangaren hagun ne mai wuya, don sai an ɗaga layin girar an yi dabara da kwallin kafin ya yi kusa da na dama, kuma ba ya son ya riƙa wahalar da ita da gwaji. To a fuskar wa zai gwada? A tasa. Ran Juma'ar nan yana cikin gwada wata sabuwar dabara sai ya ji faɗuwarta, ta zame daga bakin gado. Ya ruga ya ɗaga ta, ya canja mata kaya, ya duba agogo ya ga lokaci ya tafi. Ya zura shadda, ya ɗora lunet, ya fita.

"Mi ya sa ba ka taɓa gaya mini ba?"

"Sirrinta ne, ba nawa ba. Ko yanzun ma amanarta na ci. Ki gaya wa Baba shi kaɗai, don Allah."

Ta sami babanta a shagonsa da ke ƙofar gida, yana kan keken ɗinki. Ta durƙusa ta zayyana masa komai. Ya saurara har ƙarshe, ƙafarsa a kan keken ba ta motsi. Malam Idrisa ba mugu ba ne, kowa ya shaida. Tun yana saurayi ya baro Tasawa da allura da almakashi ya zo Yamai, kuma bai tara komai ba sai mutunci, shi ya sa yake tsaronsa kamar kaza da ƙwai.

"Na yarda ba ƙarya ya yi ba," ya ce. "Amma Talladje ba ta ji wannan ba, abin da ta gani shi ta riƙe. In na ba shi ɗiyata, da wane ido zan shiga masallaci?"

"Kuma mata sun ƙare ne a Yamai?" Muryar Tanti Jamila ce daga bayan labule, don ita a rayuwarta ba a taɓa yin magana a ɓoye ta tsallake ta ba. "Namiji da janbaki a hannu! Yau uwa, gobe wa? Yaya, abin nan in ya shiga jinin namiji ba ya fita."

Malam ya yanke hukunci. Ya ce Faisal ya zo gaban Alhaji Bello da liman ya rantse ba zai ƙara taɓa kayan kwalliyar mata ba har abada, a nemo wa uwar mace mai yi mata. In ya yi haka, magana na nan. In bai yi ba, kowa ya kama gabansa.

Hadiyya ta ji sanyi a ranta, a ganinta an samu mafita. Ta kira Faisal.

"Ka rantse kawai, Faisal! In na shigo gidan ni zan riƙa yi mata."

"Ba za ta yarda ba. Na san ta."

"To ka rantse a baki, ka ci gaba a ɓoye. Wa zai sani?"

"Allah zai sani. Kuma in na rantse da gaske, gobe da safe in shiga ɗakinta in ce mata mi? Tana zaune tana jirana da madubi a cinya, in ce mata mi, Hadiyya?"

"Ni fa? Ni ba na jiran ka?"

Tana jin ƙarar motoci a bayansa, ya ce:

"Wallahi ina son ki fiye da yadda bakina zai iya faɗa. Amma ke kina da hannu biyu."

Ta kashe wayar. Bayan kwana uku aka mayar da kayan tambaya Banifandu, Malam ya ce kada ta sake magana da shi, ta ce to. Duk gidan sun shirya wa kuka da ƙin cin abinci, innarta Aishatu har ta tanadi kalaman lallashi. Ba a ga ko ɗaya ba. Hadiyya ta ci tuwonta, ta wanke kwanonta, ta yi sallarta a kan lokaci. Hawaye ko ɗigo bai zo ba. Ita kanta ta nemi kukan ta rasa, sai ta ji cikinta fayau kamar ɗakin da aka kwashe kaya.

Haka kwanaki suka yi ta wucewa. A wurin aiki takan buga shafi goma ba ta san abin da ke ciki ba. Dambu da kopto da take mutuwar so, yanzu da shi da dusa duk ɗaya a bakinta. Wata rana ruwan zafi ya zubo mata a hannu, sai da abokiyar aikinta ta yi ihu sannan ta duba ta ga wurin ya tashi. Idan taksi ya wuce ba ta ɗaga kai ta duba lamba. Ba ta kira shi ba, shi ma bai kira ba, don ya san an hana. Fushin da ta yi da shi ma ya gaji ya kwanta, ya bar ta ba komai.

Inna Aishatu, Bazabarma ce haifaffiyar Gudel, takan zauna kusa da ita ta dafa mata gwiwa. "Kala suru, ɗiyata. Sai haƙuri. Ki yi kuka mana ko kaɗan, wannan shirun naki tsoro yake ba ni."

"Ba komai, Inna."

Tanti Jamila ita ta ɗauki nauyin fuskar. A ganinta, in dai an ga yarinya da janbaki da gira, to ba wanda zai ce tana cikin damuwa. Kuma ta yi gaskiya, don maƙwabta har cewa suke, "Kai, Hadiyya ta huta, dubi yadda ta ƙara kyau!" Wani ɗan duwan ma, ma'aikacin kwastan, ya fara aike. Hadiyya ta ji labarin kamar ana maganar ƴar wani gari.

Ranar Lahadi ta mako na bakwai, da hantsi, Tanti ta gama yi mata kwalliya ke nan za su gidan suna, sai suka ji hayaniya a ƙofar gida. Hadiyya ta fito zaure. Shagon Malam cike yake kamar kowace Lahadi, mata masu karɓar ɗinki, ga Alhaji Bello a kan benci, ga samarin fada sun miƙe tsaye. Taksin Faisal ne a tsaye a gaban shagon.

Ya rame. Ya buɗe but ya fito da keken guragu, ya buɗe ƙofar baya ya sunkuya, ya ɗauko mahaifiyarsa cak ya zaunar. Ya kai hannu zai ja mata mayafi ya rufe fuskar, ta buge hannun da hannunta mai lafiya.

Babu kwalli, babu hoda, babu komai. Bakin ya zube gefe guda, idon hagu ya sauko ja wur yana ruwa, girar wajen duk ta kakkaɓe, ga yawu yana bin haɓa. Wata mata cikin masu karɓar ɗinki ta dafe ƙirji. "Wayyo Allah! Ba Hajiya Zalika mai atamfa ba ce?"

"Tura ni gabansa," in ji Hajiya.

Maganarta a hankali take fita, kalma na jan kalma, amma ba wanda bai ji ba. Malam Idrisa ya taso daga kan keken ɗinki yana gyara hula.

"Hajiya, sannu da zuwa. Ai da kin aiko, da ni na zo. Mu shiga daga ciki..."

"A nan. A nan aka ci mutuncin ɗana, a nan zan yi magana. Dube ni, Malam. A'a, kada ka sunkuyar da kai — dube ni da kyau."

Ya duba. Ba shi da zaɓi.

"Yaron nan ya ɓoye mini. Sati bakwai yana yi mini kwalliya yana dariya, yana fita ya zauna a mota ya yi kuka. Jiya maƙwabciya ta gaya mini ta katanga." Ta tsaya ta haɗiye yawu da ƙyar. Faisal ya sa hankici ya goge mata haɓa, da ganin yadda ya yi ka san hannun ya saba. "Mijina, Allah ya ji ƙansa, shekara ashirin da shida muna tare bai taɓa ganina ba kwalli ba. Yau ga ni, Talladje duka ta gani. Wannan shi ne abin da ɗana yake rufewa kowace safiya."

"Hajiya..."

"Ban gama ba. Kwalliyar ba ta miƙe bakin, na sani, ina da madubi. Amma in ya gama, ya ce Inna duba, sai in ga Zalika. In bai yi ba, ciwo kawai nake gani a kan kujera." Ta juya ido wajen Alhaji Bello. "Kai ne shaidar? To ka shaida. Daga yau na hana shi. Na yafe kwalliyar har in mutu. Faisal, rantse masu."

"Inna, don Allah..."

"Rantse, na ce! Ni na ci zamanina. Ba zan ci naka ba."

Faisal ya durƙusa a gefen keken, ya kifa goshi a kan hannun kujerar, kafaɗunsa suna rawa. Alhaji Bello ya dubi ƙasa kamar ya yar da wani abu. Samarin fada masu waƙa kuwa, ɗaya bayan ɗaya suka sulale, marasa kunya.

Hadiyya na tsaye a bakin zaure da janbakinta da girarta. Wani abu ya motsa a ƙirjinta, ƙarami, mai zafi, irin zafin da ƙafa ke yi in ta yi sanyin zama aka fara taka ta.

Malam Idrisa ya cire tabaransa ya goge da bakin riga, ya mayar, ya sake cirewa. Ya dubi Faisal.

"Kada ka rantse, yaro. In ka rantse, ni Allah zai tambaya." Ya juya wajen mutane. "Uwata ta yi jinya wata tara a Tasawa. Ina nan ina ɗinki, ina aika saƙo. Ko ruwa ban taɓa ba ta a baki ba har ta rasu. Ni ne yau zan zauna in auna wa wannan yaro mazantaka? Alhaji, yadda ka kai wancan labari masallaci, haka za ka kai wannan."

"In sha Allahu," in ji Alhaji Bello, murya ƙasa-ƙasa.

"Hajiya, ki gafarce ni. Amma ba za ki bar ƙofar gidana haka ba. Faisal, ina kayan aikinka?"

"Ta sa na bar su a gida, Baba."

"Jamila! Ɗauko naki."

Tanti Jamila, wadda tun fitowarta ba ta ce uffan ba, abin da bai taɓa faruwa ba a tarihin gidan, ta juya ciki da sauri tana share ido da gefen zane.

Aka shiga da Hajiya tsakar gida, ƙarƙashin inuwar dalbejiya. Inna Aishatu ta kawo ruwa a kwano tana ta yi mata sannu da Zabarmanci, "Fofo, Hajiya, fofo." Faisal ya wanke hannu, ya buɗe jakar Tanti ya duba, ya ware abin da yake so ba tare da ya tambayi kowa ba. Ya ɗago ya dubi Hadiyya, karo na farko.

"Ki riƙe mata madubi?"

Ta karɓa ta durƙusa. Daga nan ta ga komai. Ta ga yadda ya tallafe haɓar da yatsa biyu, yadda ya ɗaga fatar idon a hankali yana cewa, "Saura kaɗan, Inna, kada ki ƙifta." Ta ga yadda yake ja ya tsaya, ya ja da baya ya auna da ɗayan ɓangaren, ya dawo. Hannun da ke murza sitiyari tun safe har yamma ko rawa ba ya yi. A hankali matar da ake ba da labari a Babbar Kasuwa ta fara fitowa a cikin madubin, ta ɗaga kai, ta gyara zama.

Sai kuka ya ƙwace wa Hadiyya, kuka mai sauti, na sati bakwai gaba ɗaya. Ta kifa kai a cinyar Hajiya tana yi kamar ranta zai fita, tana cewa, "Ku yafe mini, ni na ce ya bari, ni na ce ya rantse!" Inna Aishatu ta ɗaga hannu sama. "Alhamdu lillahi! Bar ta ta yi!"

Hajiya ta bar ta sai da ta yi mai isarta, sannan ta ɗago mata fuska da hannunta na dama. Kwalli ya zubo, fondetan ya yi layi-layi.

"Wa ya ja miki wannan gira?"

"Tanti ce."

"Ta yi kauri. Sai ka ce da gawayi."

"Kai, Hajiya!" in ji Tanti Jamila, tana dariya tana hawaye. "A gidanmu, da kayana?"

Saura janbaki. Faisal ya ɗauko zai buɗe, Hajiya ta girgiza kai. Ta daɗe tana kallon Hadiyya, irin kallon da take yi wa atamfa kafin ta saya.

"Ba ta. In ga hannunta."

Faisal ya tsaya da janbakin a hannu, don ya san abin da wannan ke nufi. Kusan shekara biyu ba macen da ta taɓa fuskar nan. Hadiyya ta goge hannu a zane ta karɓa. Ta fara daga ɓangaren da ya karkace, a hankali, tana jin numfashin tsohuwar a yatsunta. Layin ya ɗan kauce. Faisal ya matso ya nuna mata da ɗan yatsa inda za ta tsaya, ta gyara.

Hajiya ta duba madubi, ta juya dama, ta juya hagu.

"Da saura," ta ce. "Amma za ki koya. Malam, yaushe za a maido goron?"

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Hajiya Zalika ta zo wurin biki a kekenta, ta zauna a gaba, ba ta rufe baki da mayafi ba, kuma tsofaffin ƙawayenta na kasuwa suka yi layi suna gaishe ta. Masu surutu ba su ƙare ba, Yamai ce fa, har gobe akwai mai cewa ai shi dai namiji bai kamata ba. Malam Idrisa in ya ji sai ya ce, "Allah ya ba ka ɗa irinsa," ya ci gaba da ɗinkinsa.

To ƴan uwana ƴan mata, da ku samari masu zaman fada, ku ji da kyau. Hoda da janbaki ba su ke mayar da mutum mace ba, riƙe su kuma ba ya cire wa namiji mazantaka. Sati bakwai ana shafa wa Hadiyya kwalliya don a ɓoye ciwonta, kowa na yaba kyanta, ita kuwa ba ta ma san tana raye ba. Kwalliyar nan dai ita ta riƙe ran wata baiwar Allah shekara biyu, saboda da ƙauna ake yin ta. Kada ku yanke wa mutum hukunci da abin da kuka hango a fuskarsa kafin ku san abin da ya baro a gida. Hadiyya ta yi wa mahaifinta biyayya ba ta tsallake maganarsa ba, Faisal ya ƙi sayen aure da hawayen uwarsa, kuma Allah bai bar haƙurinsu ya tafi a banza ba. Ke mai neman miji, ki bar duba mota da shadda, ki je ki ga yadda yake yi da uwarsa ranar da ba ta iya goge bakinta da kanta. Yadda ya riƙe ta, haka zai riƙe ki.